Mota ɗaya, makulli a hannun kowa: hakkin yana wuyan wa?

Yawancin gidajenmu a nan Legas mota ɗaya ce, in ma akwai. Da asuba Alhaji ya fita da ita kasuwa, da hantsi ƙaninsa ya karɓa ya je ɗauko kaya, da yamma babban ɗa ya kai mata asibiti ko ya kwaso yara daga islamiyya. Ranar Lahadi kuma maƙwabci ya aiko a ba shi aro za a kai amarya. Ba mai cewa a'a, don wanda ya hana ƙaninsa makulli sai a ce ya yi kuɗi ya canza. To, idan motar nan ta buge mutum alhali mai ita yana zaune a rumfarsa, hakkin yana wuyan wa?

Malamanmu da ke karantar da Risala sun sha faɗa mana cewa mahayin dabba, da mai janta, da mai korarta, su ke lamunin abin da ta taka. Wato wanda ke riƙe da sitiyari shi ne na farko da za a tambaya. Sai dai yaro ɗan shekara 20 da ba shi da ko akuya, da me zai biya kuɗin asibitin wanda ya karye? Ƙarshenta maganar gida za ta dawo, wurin wanda ya miƙa makullin.

Saboda haka ne doka ta wajabta ƙaramar inshora, wadda ake kira ta ɓangare na uku, kuma an fara kafa dokar tun 1945, zamanin Turawa. Wannan inshora ba ta gyara maka motarka. Aikinta biyan wanda ka ji wa ciwo ko ka lalata wa dukiya. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, maimakon 5,000, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Tun 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka matsa da tambayarta a hanya.

Mu kuwa yadda muka ɗauke ta, takardar tsallake shinge ce kawai. A ba wani ɗan kamasho kuɗi a bakin ofishin lasisi, ya kawo takarda mai hatimi, a cusa ta a aljihun mota. Da yawa irin waɗannan na bogi ne, babu kamfanin da ya san da su, kuma ba a ganewa sai ranar tsautsayi. Alhali dubawa ba ta da wuya: akwai rumbun bayanai na kamfanonin inshora da ake kira NIID, in an sa lambar mota a intanet zai nuna ko takardar na nan. Mutumin da zai ƙirga buhun albasa sau biyu kafin ya biya, shi ne bai taɓa duba wannan ba.

Ko takardar ta gaskiya ce, tana da sharuɗɗa, kuma a nan ne motar gida ke shiga matsala. Galibi tana rufe mai motar da duk wanda ya tuƙa da izininsa, muddin yana da lasisi. Yaron da ya koyi tuƙi a layi da daddare ba ya ciki, komai gwanintarsa. Haka kuma motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida, in ƙane ya riƙa ɗaukar fasinja ko kayan mutane da ita ana biyansa, kamfani na da hujjar cewa wannan ba shi aka yi yarjejeniya a kai ba. Sai a wayi gari an biya kuɗi shekara da shekaru, ranar buƙata kuma babu komai.

Na san wasu za su ce ai inshora haramun ce. Maganar tana da tushe: majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985 ta ce inshorar kasuwanci akwai garari a cikinta, ta nuna tsarin taimakekeniya a madadinta. Wannan tsarin shi ne takaful, kuma akwai shi a Najeriya, kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yi. Fatawa dai ta malamai ce, a je a tambayi Liman. Abin da nake gani kawai, mai gudun shubuha ba ya sayen takardar bogi, don wannan ƙarya ce tsagwaronta. Kuma shari'ar da ta yi magana a kan garari ita ce ta ɗora diyyar kisan kuskure, raƙuma 100, a kan dangin mai laifi, su haɗu su biya cikin shekara 3. Mu da danginmu ke Kano da Sakkwato da Maraɗi, kowa na fama da kansa, wa zai haɗa mana wannan?

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayinmu na baƙi. Hatsari a nan ba ya tsayawa tsakanin mutum biyu. Waɗanda suke nan a watan Maris na 2016 sun tuna rikicin Mile 12, wanda aka ruwaito ya faro ne daga ɗan acaɓa da ya buge wata mata, aka rasa rayuka, gwamnati ta rufe kasuwa. Direban da ya san akwai mai biya yana iya tsayawa ya kai wanda ya buge asibiti. Wanda ya san babu, guduwa zai yi, ya bar fushin ya sauka a kan mai shayi da mai gyaran takalmi da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

A ganina, ba da aron mota alheri ne, amma alherin da kake yi wa ɗan'uwanka bai kamata mai tafiya a gefen titi ya biya kuɗinsa ba, shi da ba a yi shawara da shi ba. Masu tuƙa motar su ma da nasu: in mutum huɗu ke amfani da ita, me zai hana su haɗa naira 15,000 ɗin tare, ɗayansu ya riƙe ranar da takarda za ta ƙare? Inda abin ke da wuya shi ne ranar da ɗanka marar lasisi ya zo neman makulli, ga mahaifiyarsa a bayansa tana cewa "Alhaji, nan da Agege ne fa." Kuɗin makarantar tuƙi da na lasisi za ka ba shi, makulli ya jira.