Alkyabbar Aro da Amanar Mai Ɗinki

Wanda ya ɗinka wa ɗalibi alkyabba domin ya fito a matsayin Modibbo Buba Yero a wasan kwaikwayon makaranta a Gombe, shin ya taimaka wajen shirya ƙarya? Masu tsantseni sukan ce eh, tunda yaron ba sarki ba ne. A ganina sun nemi ƙaryar inda ba ta. Ƙarya tana bukatar wanda za a yaudara, a dandali kuwa mai rigar da mai kallo duk sun san ta aro ce. Al'adarmu ta daɗe da gane haka. A tashen azumi yaro yakan liƙa gemun auduga ya rataya tsumma, yana dogara sanda, babu mai cewa ya yi da'awar tsufa. Ranar hawan sallah mahaya suna fitowa da sulke da kwalkwali, dawaki cikin lifidi, alhali ba fagen fama za su ba.

Suka mafi nauyi ita ce ta hanin kamanceceniya da wasu mutane, wanda ya zo a hadisi. In za a nuna yaƙin Bormi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama, dole wani ya sa kakin sojan Turawa. Amma abin da hanin yake tsoro shi ne kwaikwayon da ya taso daga so da sha'awar zama irinsu. Wanda ya sa kakin don jama'a su ga abin da aka yi wa kakanninsu, nufinsa kishiyar wannan ne. Inda nake tare da masu sukar shi ne bayan an tashi daga wasa: alkyabba da naɗin sarauta suna da masu su, kuma wanda ya shiga kasuwa da su yana karɓar gaisuwa ya ci haƙƙin da ba nasa ba.

Ƙaryar da ya kamata a ji tsoro tana kan teburin tela. Buba Yero ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna a Gombe Abba, ya rasu a 1841, tun kafin a san keken ɗinki a ƙasar nan. Rigar zamaninsa saƙar hannu ce, ƙyallaye sirara da ake haɗawa ɗaya bayan ɗaya, a rina da baba, a yi mata aiki da allura da zaren tsamiya. In aka fito da shi cikin shadda mai ƙyalli da aikin inji, 'yan kallo za su tafi gida da yaƙinin haka malamin jihadi yake, ga shi kuwa mutanen Shehu sun yi suna da sukar almubazzarancin sarakunan da suka tarar. A nan an sami wanda aka yaudara, domin ɗan kallo bai san an sauya masa komai ba. Za a ce saƙi da tsamiya sun yi tsada, kuma babu hoton Modibbo da za a duba. Haka ne, sai dai farin yadin auduga maras ado ya fi shadda araha, ya kuma fi ta kusa da abin da aka sani na tufafin wancan zamani.