Kunya da Tambaya a Makaranta

Jama'a, iyayenmu sun hore mu da kunya: yaro ba ya ɗaga ido gaban babba, balle ya tare shi da tambaya. Hali ne mai kyau, ba musu. Amma tun da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Kano cikin 1909, karatun boko yake bukatar wanda bai gane ba ya buɗe baki ya faɗa. To, mai kunya sai ya yi shiru, lissafi ya wuce shi, malam ya zaci daƙiƙi ne, ya ɗauko bulala. A ganina an zalunci yaron nan, don ladabin da aka koya masa a gida shi ya bi. Malamin allo yakan biya wa kowane almajiri shi kaɗai. Malamin aji fa, yaushe zai kai ga na baya?