Ƙofar da Ripley Ta Ƙi Buɗewa

Idan aka ambaci Sigourney Weaver, abin da ke faɗo wa yawancin masu kallo shi ne doguwar mace riƙe da bindiga mai aman wuta, tana fito-na-fito da dodon sararin samaniya. Amma wurin da ya fi nauyi a fim ɗin Alien na 1979 ba a yi harbi ko ɗaya a cikinsa ba. Mace ce zaune a cikin jirgin Nostromo, abokan aikinta na waje suna roƙo ta buɗe musu ƙofa, ita kuma ta ce ba za ta buɗe ba.

Mutum uku daga cikin ma'aikatan jirgin su bakwai sun fita bincike. Sun dawo ɗauke da ɗayansu, Kane, a sume, wata halitta ta manne masa a fuska. Kyaftin Dallas ya ba da umarni a buɗe. Ripley (rawar da Weaver ta taka), wadda ragamar jirgi ke hannunta muddin manya suna waje, ta tuna masa dokar killacewa ta awa 24. Tana jin muryoyinsu, ta san ran Kane na hannun Allah, duk da haka ta kafe.

Lokacin da fim ɗin Ridley Scott ya fito, Weaver na da shekara 29, ba kowa ya san ta ba. An haife ta a New York a 1949, ta karanta wasan kwaikwayo a Jami'ar Yale, ta fi sabawa da dandamali. Daga baya ta fito a Ghostbusters da Gorillas in the Mist da Avatar, amma Ripley ce ta zame mata tambari. Yadda ta yi fitowar ƙin buɗe ƙofar, ba tsawa, ba kuka, shi ya sa tambayar take cizo: wanda ya rufe ƙofa ga ɗan'uwansa mai neman ceto, azzalumi ne ko mai riƙon amana?

Zuciya na saurin yanke hukunci, domin buɗewa ce ta yi kama da tausayi. Sai dai wanda ya buɗe ɗin, Ash, jami'in kimiyya, ba don Kane ya yi ba. Daga baya ta bayyana mutum-mutumi ne, kuma kamfanin da ya mallaki jirgin ya ba shi umarni a asirce ya kawo halittar gida ko da ma'aikatan za su ƙare. Suka kuwa ƙare, sai Ripley kaɗai.

Amma kuskure ne a ce mutuwarsu ce ta ba ta gaskiya. Ko da Kane ya tashi garau, hukuncinta daidai ne, domin ana auna mutum da abin da ya sani a lokacin da ya yanke shawara. Musulmi sun san wannan tun zamanin Sayyidina Umar. Ya nufi Sham, ya kai Sargh, aka ce masa annoba ta ɓarke. Bayan shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Sannan Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin da ya hana shiga garin annoba, ya kuma hana na ciki fita. Malaman fiƙihu suka kafa ƙa'ida cewa ana jure cutar da ta shafi mutum ɗaya domin a kare jama'a.

Akwai abin tsoro a nan, kuma bai kamata a rufe shi ba. Sau nawa mai ƙeƙasasshiyar zuciya ya fake da doka ya bar mara lafiya a bakin ƙofa? Me ya raba Ripley da irinsa?

Amsar tana cikin abin da take yi idan ranta ne kaɗai a kan siraɗi. A ƙarshen Alien, dodon na yawo a jirgi, ta tsaya neman kyanwarsu Jones. A Aliens na James Cameron, 1986, rawar da ta sa aka saka Weaver cikin 'yan takarar Oscar, ta koma cikin sheƙar dodannin ita kaɗai domin ta ɗauko marainiya Newt. Ranta tana iya sayar da shi. Rayukan waɗanda aka ba ta amana ne ba ta yarda ta yi kyauta da su ba, ko da sunan tausayi.

An ga irin wannan a zahiri. A watan Yulin 2014 aka kwantar da Patrick Sawyer, wanda ya zo daga Laberiya, a wani asibiti a Legas. Dakta Stella Adadevoh ta yi zargin Ebola ce, ta ƙi sallamarsa duk da matsin lambar da aka yi mata a bar shi ya tafi taro a Kalaba. Tana cikin waɗanda suka yi jinyarsa, cutar ta kama ta, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Ebola ta kau daga Nijeriya, bayan ta kashe mutum takwas.