Sirrin Gida Amana Ne A Bakin Yaro

  

Ran nan na shiga keke-napep daga Runjin Sambo za ni Masallacin Shehu, sai na zauna kusa da waɗansu samari biyu waɗanda ba su wuce shekara 16 ba. Kafin mu sauka, ni da mai keken mun riga mun san mahaifin ɗayansu ya sayar da shanu a kasuwar Acida, mun san ranar da zai koma ƙauye da kuɗin, har mun san kishiyar uwarsa ta yi yaji. Ba wanda ya tambaye shi, kuma bai san ko su wane ne mu ba.

Jama'a, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Tun daga harin Tabanni a ƙasar Rabah cikin 2018, mutanen gabashin jiharmu, irin su Isa da Sabon Birni da Goronyo, sun sha wuyar 'yan bindiga, kuma sanin kowa ne ɓarayin nan suna da masu kai musu labari. Mai kai labari kuwa bai buƙatar haura katanga, in dai yaron gida zai zazzage masa komai a majalisa, ko ya baza hoton gidansu da motar ubansa a Facebook da WhatsApp. Magana zarar bunu ce.

Musulunci bai bar mu cikin duhu ba. A Suratu Yusuf, aya ta 5, Annabi Yaƙubu ya hana ɗansa gaya wa 'yan'uwansa mafarkinsa, alhali mafarkin gaskiya ne, su kuma jininsa ne. Ashe ba kowace gaskiya ake faɗa wa kowa ba. Imam Gazali ma, cikin Ihya'u, ya lissafa cututtukan harshe guda 20, ta 12 ita ce tona asiri.

Imam Muslim ya ruwaito labarin Anas ɗan Malik, wanda ya fara yi wa Annabi hidima yana ɗan shekara 10. Wata rana Annabi ya aike shi, ya yi jinkirin komawa gida. Da mahaifiyarsa Ummu Sulaim ta tambayi abin da aka aike shi, ya amsa mata cewa sirri ne. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuwa lallashe shi ya faɗa ba, sai ta hore shi da kada ya gaya wa kowa. A nan darasin iyaye yake. Uwar da ke aiken 'yarta gidan maƙwabta ta kwaso mata labari, da uban da ke tsare ɗansa sai ya ji abin da aka faɗa a ɗakin kishiya, su suka fara kwance wa yaro baki, alhali Suratul Hujurat, aya ta 12, ta haramta binciken asirin mutane.

Saboda haka mu zaunar da 'ya'yanmu, mu raba musu magana kashi uku. Na farko, abin da za a iya faɗa wa kowa, watau gaisuwa da karatu da hira mai tsabta. Na biyu, abin da ba ya ƙetare zaure, kamar kuɗi da tafiye-tafiye da rashin lafiya da saɓanin iyaye, da asirin da aboki ya ba ka ajiya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In baƙo ya matsa da tambaya, yaro ya ce cikin ladabi, “Sai dai a tambayi Baba.”

Na uku shi ne wanda wajibi ne a faɗa. Idan wani, ko babba ne ko ɗan'uwa, ya cuci yaro, ko ya kira shi zuwa ɓarna, sa'an nan ya ce kada kowa ya ji, to wannan ba amana ba ce. Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta ba wanda aka zalunta damar ɗaga murya. Ya garzayo wurin iyayensa ko malaminsa, mu kuma mu saurare shi ba da tsawa ba, domin yaron da bai sami kunne a gida ba zai nema a waje.

Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya shiryi zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.