NI'IMAR RUWA DA ABIN SHAN 'YAN WASA

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wata al'ada ta shigo a tsakanin samari, watau raina ruwa da fifita abin shan nan mai launi na cikin gora, wanda aka yi domin 'yan wasa. Yaro bai yi gudu ba, bai yi noma ba, amma ba ya kashe ƙishirwa sai da shi. Har a watan azumi akan ga mai buɗa baki da shi, ga randa cike a gabansa.

Ya kamata a san asalin wannan abu. A shekarar 1965 ne waɗansu likitoci na Jami'ar Florida a ƙasar Amurka suka haɗa Gatorade, domin 'yan ƙwallonsu da ke galabaita cikin zafi. Abin da ke cikinsa ruwa ne da sukari da gishiri, don mayar wa jiki abin da gumi ya kwashe. Saboda haka amfaninsa yana ga wanda ya wuce sa'a guda yana aikin ƙarfi, gumi na tsiyaya. Wanda kuwa ya yini zaune a shago ko ofis, ruwa ya ishe shi, gishirin da ke cikin miyarsa kuma ya wadatar.

Malamai ba su haramta shi ba, tun da yake babu abin maye a ciki, asalin abubuwa kuwa halacci ne. Amma fa halacci ba lasin wuce gona da iri ba ne. A cikin Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Maɗaukakin Sarki Ya halatta ci da sha, sa'an nan Ya hana almubazzaranci. Gora guda mai rabin lita takan ɗauki sukari wajen ƙaramin cokali bakwai, alhali a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar da ke nuna kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini. Wanda ya mayar da shi ruwan shansa yana sayen ƙiba da ruɓewar haƙori da kuɗinsa, yana kuma kusantar ciwon sukari. Jiki kuwa amana ne, za a tambayi bawa a kansa, kamar yadda za a tambaye shi inda ya kashe dukiyarsa.

Allah Ya bayyana a cikin Suratul Anbiya, aya ta 30, cewa daga ruwa Ya yi kowane abu mai rai. Anas ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, ya ruwaito cewa Manzon Allah yakan buɗa baki da ɗanyen dabino, in babu sai busasshe, in babu sai ya kurɓi ruwa. Kuma yakan numfasa sau uku in yana sha, ba ya kwankwaɗa a tashi ɗaya. Mai azumi ya bi wannan, ya rarraba shan ruwansa tsakanin magariba da sahur.

Idan kuwa gudawa ta kama yaro, abin shan 'yan wasa ba magani ba ne, domin sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa ya yi kaɗan. Sai a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, ko a haɗa a gida: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri, a kuma hanzarta zuwa wurin likita.

Kuɗin gora guda ya isa a saya wa maƙwabci jarkar ruwa daga ɗan garuwa. Da Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Annabi sadakar da ta fi, shayar da ruwa aka nuna masa.

Allah Ya sa a gane ni'imarSa, a gode Masa. Amin.