Ado Da Dafi: Wa'azi Daga Ƙarƙashin Teku

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Bayan haka, ya ɗan'uwa Musulmi, ka sani a Bahar Maliya, tekun nan da Jidda take bakinsa, Allah Ya halicci wani ɗan dodon koɗi marar kwanso, yana rarrafe bisa duwatsun murjani. Tsawonsa bai wuce yatsa ba. Jikinsa ratsi-ratsi ne: rawaya, fari, baƙi da shuɗi. Abincinsa wani jan soson teku ne mai dafi. Dafin ba ya kashe shi, sai ya tara shi cikin jikinsa. Kifin da ya taɓa ɗanɗana shi, in ya sake ganin launin nan, kaucewa yake yi.

To, kifi ya ji gargaɗi, kai fa?

A 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum, an kwaso duwatsun zinariya aka riƙa niƙa su cikin gidaje. Ashe akwai gubar dalma a ciki. Yara fiye da 400 suka rasu. Dareta, Abare, 'Yargalma, duk an yi makoki.

Neman halal ba laifi ba ne, amma 'ya'yanka amana ce, za a tambaye ka. Kada ka kawo dutsen nan inda ake girki. Ka yi wanka, ka sake tufafi kafin ka shigo gida. Yaro ya fara jijjiga, kada ka ce iska ce ka nufi boka; asibiti za ka kai shi.

Allah Ya sa mu zama masu jin gargaɗi, amin.