WAYA A HANNUN DIREBA: TARA, DIYYA DA KAFFARA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah (S.W.T.), tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata magana da ake yawan ji a tashoshin mota na Tanut da Belbeji, cewa wai tarar da jandarmomi ke ɗora wa direban da suka kama da salula a kunne zalunci ce, kuma dokar hanya ta Nasara ce, babu ruwan addini da ita. Wannan magana tana buƙatar gyara, domin jinin Musulmi ne a cikinta.

Kowa ya san hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Bakin Birji da Tanut ta nufi Agadas. A kanta tankokin mai suke bi tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011, a kanta manyan motocin hatsi suke, ga 'yan kabu-kabu, ga amalanke, ga raƙuma da awakin da ba sa neman izini kafin su tsallaka. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan direba ya sunkuya na daƙiƙa 4 kawai domin ya ga wanda ya kira shi, to ya yi mita 100 ke nan tamkar makaho, da rayukan mutane a bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa mai tuƙi yana waya ya fi wanda ba ya yi fuskantar haɗari da kusan ninki 4, kuma ko ya maƙala abin sauraro a kunne bai tsira ba, saboda hankali ne ke tafiya, ba hannu kaɗai ba.

Dokar hanya ta Nijar ta hana riƙe waya ana tuƙi, haka ma ta maƙwabta. A Nijeriya dokar 2007 ta yanka tarar naira 4,000, a Faransa kuwa yuro 135 ne tare da rage wa direba maki 3 a farminsa. To, mene ne matsayin irin wannan a shari'a? Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Brunei a 1993 a kan haɗurran mota, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin biyayya ce ga shugaba a cikin abin da ya tsara don maslahar jama'a, kuma ya halatta a ladabtar da mai karya su, har da tarar kuɗi. Wannan shi ne ta'aziri. Saboda haka wanda ya miƙa cin hanci don a ƙyale shi ya haɗa laifi biyu, shi da mai karɓa.

Amma, ya 'yan'uwa, tara ita ce mafi sauƙin abin da ke jiran mai wannan ɗabi'a. Malamanmu na Malikiyya sun yi maganar tun kafin a ƙera mota. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a cikin Risala wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, ya bayyana cewa mai kora dabba da mai janta da wanda ke kanta duk suna lamunce abin da ta taka. Idan mahayin raƙumi, wanda dabbarsa ke da nata ra'ayi, bai kuɓuta ba, ina ga mai riƙe da ƙarfen da ba ya motsi sai da umurninsa?

Idan aka rasa rai, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora abu biyu a kan kisan kuskure. Na farko diyya, wadda Sunna ta ƙayyade da raƙuma 100 ga ma'abota raƙuma, ko dinari 1,000 ga ma'abota zinariya, dangin mai kisan na wajen uba su ɗauke ta cikin shekara 3, sai fa in magada sun yafe. Mutanen Damargu ba sa buƙatar a gaya musu darajar raƙumi guda a kasuwa, balle garke na 100. Na biyu kaffara: 'yanta baiwa ko bawa mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata 2 a jere. Wannan ba ta faɗuwa da yafewar magada, inshora ba ta biyanta, dangi ba sa ɗaukar masa ita, kuma kowane rai da tasa. Direban da ya kifar da mota mutum 5 suka rasu ta dalilin sakacinsa, wata 10 ne na azumi a kansa, a rana irin ta Tanut. Mu nawa ne muka san wannan kafin mu karɓi makulli?

Sai ka ji an ce ai ƙaddara ce, kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne babu ran da ke fita sai da izinin Allah, amma Ubangijin da Ya ƙaddara ajali Shi ne Ya wajabta diyya da kaffara, bai sanya ƙaddara ta zama hanzari ga mai sakaci ba. Annabi (S.A.W.) ya umurci mai taguwa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba. Mai mota da ke kiran direbansa sau biyar tsakanin Damagaram da Tanut yana tambayar ina aka kai, da uwargida da ta san maigida na kan hanya amma ba ta haƙura, da fasinjan da ke ganin direba na latsa waya ya yi shiru don kunya, alhali hana mummuna da harshe yana cikin ikonsa. Shi kuwa direba, idan kiran ya zama dole, gefen hanya yana da faɗi a ƙasar Damargu: ya ratse, ya tsaya, ya amsa, sannan ya ci gaba.

Allah Ya kai matafiyanmu gida lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.